Asirin Asali a Cikin Shaihu Umar: Nazari Daga Ƙasar Jega

Daga cikin littattafai biyar da suka fito a sakamakon gasar ƙaga labarai wadda Dokta R. M. East ya shirya a 1933, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da Shaihu Umar, babu wanda ya yi yawon duniya kamar na ƙarshen nan. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Duk da wannan shahara, abin da aka saba koya wa ɗalibai a kansa shi ne cewa jigonsa haƙuri ne da yarda da ƙaddara, tare da nuna munin bauta. Wannan gaskiya ne, amma bai ƙosar ba. Mai karatun da ya natsu zai lura da cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe labarinsa da irin abin da ake buɗe labarin bincike da shi, watau tambaya a kan wani mutum wanda ba a san ko shi wane ne ba. Ga malami baƙo a Rauta, kusa da Bauchi, wanda sunansa ya kai ko'ina saboda ilmi, amma ba wanda ya san asalinsa, har wata rana wani almajiri ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi inda ya fito. Dukan littafin amsar wannan tambaya ce.

Manufar wannan maƙala ita ce ta aza Shaihu Umar kusa da wani nau'in ƙagaggen labari wanda ya yi ƙarfi a Kudancin Amurka, inda ake ƙulla kisan kai ko sata a wani ƙaramin gari na manoma, idan aka zo warware ƙullin sai a tarar cewa ainihin abin da aka binne shi ne asalin wani da launin fatarsa. Bayan haka za a dubi littafin da idon mutumin ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, domin tarihin wannan yanki ya shafi tambayar da littafin ya tayar fiye da yadda aka saba lura.

Zanen Yatsa da Lissafin Jini

Misalin da ya fi dacewa shi ne Pudd'nhead Wilson na Mark Twain, wanda ya fito a 1894. An gina labarin a wani ƙaramin gari na bakin kogin Misisifi a Jihar Misuri, tun ana cikin zamanin bauta. Wata baiwa mai suna Roxy, wadda a ido ba a bambanta ta da Baturiya domin kashi ɗaya ne kawai cikin 16 na jininta na baƙar fata, ta haifi ɗa a rana ɗaya da matar ubangijinta. Shi ɗan nata kashi ɗaya ne cikin 32, amma a doka bawa ne cikakke. Don gudun kada a sayar da shi zuwa gonakin ƙasan kogi, sai ta musanya jariran biyu. Ɗan baiwa ya tashi cikin gata ya lalace, ɗan gida ya tashi a bauta. Bayan shekaru fiye da ashirin aka kashe alƙalin garin, aka zargi waɗansu baƙi tagwaye 'yan Italiya, sai wani lauya da gari ya ɗauka wawa ne, saboda yawan tara zanen yatsun mutane a kan gilashi da yake yi, ya fito da abin da ya tara a gaban kotu. Zanen yatsa ya nuna wanda ya yi kisan, ya kuma nuna cewa mai kisan ba ɗan gidan da ake zato ba ne.

Abin lura shi ne yadda marubucin ya rufe labarin. Da aka gane mai kisan bawa ne, sai masu bin gidan bashi suka ce ai dukiya ba a kulle ta a kurkuku, aka yi masa afuwa, aka sayar da shi. Shi kuwa ɗan asalin da aka mayar wa haƙƙinsa bai iya karatu ba, bai iya zama cikin fararen fata ba, maganarsa ma ta bayi ce. Watau gaskiya ta bayyana amma ba ta gyara kome ba. Shekara biyu bayan fitowar littafin, a 1896, Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta wariyar launi a shari'ar Homer Plessy, mutumin da kashi ɗaya cikin takwas na jininsa ne na baƙar fata. William Faulkner ya bi wannan turba a Intruder in the Dust na 1948, inda aka zargi wani manomi baƙi mai jinin farar fata da kashe Bature, sai da wasu samari biyu da wata tsohuwa suka tone kabari da dare kafin a wanke shi.

To, a irin waɗannan labarai asiri yana cikin jini, kuma doka ce ta sa shi can. Tun a 1662 dokar Bajiniya ta yanke cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa ko da wane ne ubansa, ko da ubangijin uwar ne da kansa. Saboda haka mutum yana iya zama bawan mahaifinsa, ya kuma zama kayan gadon ɗan'uwansa. Marubucin labarin bincike bai sha wuyar neman ƙulli ba, domin dokar ƙasarsa ta riga ta ƙulla masa.

Inda Asirin Bahaushe Yake

A ƙasar Hausa abin ba haka yake ba, kuma daga nan ne kwatancin ya fara amfani. A fiƙihun Malikiyya, ɗan da ubangiji ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, ita kuma uwar ba a sayar da ita, tana samun 'yanci bayan rasuwar ubangijin. Wanda aka haifa cikin bauta shi ne ɗan bayi biyu, wanda ake kira bacucane ko ɗimajo. Launin fata kuwa ba ya raba bawa da ɗa a tsakanin Hausawa, domin mai sayarwa da wanda ake sayarwa kamanninsu ɗaya. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya riga ya yi bayani a Mi'irajus Su'udi, a 1615, cewa a shari'a dalilin bautarwa kafirci ne, baƙar fata ba dalili ba ce, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da ba ya halatta a mallaki mutanensu. Amma da ma ba a rubuta fatawa a kan abin da ba ya aukuwa. Tambayar da ya amsa daga mutanen Tuwat ta zo masa, watau daga kasuwar hamada inda baƙin mutum ba ya da wani mai shaidar asalinsa.

Ke nan asirin Bahaushe yana cikin tunawa. Mutum ɗa ne muddin akwai wanda ya san ubansa da garinsu. Ranar da aka raba shi da waɗanda suka san shi, to, ɗiyaucinsa, kamar yadda mutanen Sakkwato da Kabi suke faɗa, ya zama abin gardama. Wannan shi ne ƙashin bayan Shaihu Umar. Umar ɗa ne, haifaffen Kagara, mahaifinsa baduku, mahaifiyarsa 'yar Fatika. Uban ya rasu tun kafin a haife shi, wannan shi ne shaida na farko da ya kau. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan wani hari a ƙasar Gwari, sarki ya kore shi, ya ƙare a Makarfi. Shaida na biyu ke nan. Uwar ta tafi ganin iyayenta ta bar yaron a hannun ƙawarta, sai wani ƙato ya sace shi, kura ta kashe ƙaton, manoma suka tsinci yaron, mahara suka sake kama shi. Kafin ya isa gidan dillalin bayi a Kano, babu sauran mai rai a kusa da shi da zai iya cewa wannan ɗan wane ne.

Nan ne gwanintar marubucin take, ko da yake manazarta sun fi mayar da hankali ga sassan hamada. Ana yawan kushe wannan sashe da cewa haɗuwar tsautsayi ta yi yawa, kurar nan musamman. Amma idan aka dubi aikin da kowane tsautsayi yake yi, sai a ga ba a banza aka jera su ba. Kowannensu yana kawar da shaida ɗaya. Marubucin labarin bincike yakan warwatsa alamu domin mai bincike ya tattara, shi kuwa Tafawa Ɓalewa share su yake yi ɗaya bayan ɗaya a gaban idon mai karatu, har ya zamana mai karatu ne kaɗai ya san gaskiya.

Mai binciken littafin kuwa ita ce uwar. Ita ce ta bi sawu daga gari zuwa gari, ta yi tambaya, ta samu labarin cewa wani Balarabe ya tafi da ɗanta, ta yanke shawarar ƙetare hamada. Abin da ya same ta shi ne mafi ɗaci a littafin: wani Balaraben fatake ya yaudare ta da alkawarin kai ta wurin ɗan, ta faɗa bauta a Murzuk, aka wuce da ita Tarabulus. 'Yar da ta fita neman ɗanta da aka bautar ita ma ta zama baiwa, kuma ta hanya ɗaya, watau ta isa inda ba wanda ya san ta. Roxy ma ɗan cikinta ne ya sayar da ita ƙasan kogi don ya biya bashin caca. A littattafan biyu uwa ce take riƙe da asiri, ita ce kuma take biyan farashinsa. Bambancin shi ne Roxy ita ta ƙulla, uwar Umar kuwa warwarewa ta fita yi. Da suka sadu a Tarabulus ba ta daɗe ba ta rasu. Babu kotu, babu wanda aka hukunta.

Gimbana, Kware da Kasuwar Jega

Ɗalibin da ya tashi a Jega ba ya bukatar a je da shi Misisifi kafin ya gane wannan. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Aka kwashi mutane, aka bi da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare suka kwance su. Wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Watau jihadin da ya sauya ƙasar Hausa yana da tushe a cikin wannan tambaya ta wa ya halatta a ɗaure, wa kuma zai tsaya ya shaidi cewa wannan ɗa ne Musulmi. Mutanen Gimbana sun sami masu shaidarsu a bakin hanya. Umar bai samu ba.

Labarin bai tsaya nan ba. Abdussalami Bahaushe ne Ba'are, a cikin jagororin da mafi yawansu Fulani ne. An zaunar da shi a Kware, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi musayar wasiƙu waɗanda Bello ya tattara a Sardul Kalami, aka ci Kware da yaƙi a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a ƙarƙashin Gwandu, inda sarautar Sarkin Kabin Jega ta samo tushe. Cikin ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular, a kan hanyar fataken Gwanja, ana hada-hadar goro da tufafi da gishiri da dabbobi, da kuma bayi. Garin da zuriyar waɗanda aka kwance suka kafa shi ne ya zama wurin da ake cinikin waɗansu ɗaurarru. Wannan ba abin gori ba ne ga Jega, domin haka Kano da Zariya da Bida suke. Abin da ya sa aka kawo shi shi ne ya nuna cewa ƙa'idar Ahmad Baba tana kare wanda aka yarda Musulmi ne, tana kuma barin ƙofa a buɗe ga wanda aka ce ba shi ba ne, kuma mai takobi ne yake faɗin wane ne wane.

Akwai wani abu a wannan yanki da ya yi daidai da gilasan lauyan Mark Twain, wato zanen fuska. Tsagar Kabawa da ta Gobirawa da ta Zamfarawa da ta Arawa, waɗanda wanzami yake yi wa jariri, ba ado kaɗai ba ne. Takardar shaida ce wadda ba ta ɓata, domin yaron da aka sace ko da ya manta sunan garinsu, fuskarsa tana faɗa. Zanen yatsa halitta ne, yana nuna mutum ɗaya tak. Zanen fuska aikin al'umma ne, yana nuna inda mutum ya fito. A yau tsagar ta ja baya ƙwarai a tsakanin yara, amma aikinta bai mutu ba, ya koma cikin binciken asali da iyaye suke yi kafin a ba da aure. A garuruwan noma irin su Aliero mai albasa da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, ana sanin gida da sana'ar da ya gada, ko ɗori ne ko ƙira ko fawa ko wanzanci, kuma tsofaffi suna riƙe da abin da ba a faɗa sai an zo maganar aure. Abin mamaki ne yadda marubutan soyayya na Kano, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka cika kasuwa da labaran auren dole, suka fi jingina hana aure ga talauci da dukiya, alhali kuwa kowa ya san akwai wani dalilin da ake raɗawa a zaure.

Abin da Littafin Ya Yi Shiru a Kansa

Ya kamata a tuna lokacin da aka rubuta Shaihu Umar. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda suke hannu ba. Da yawa sai da suka fanshi kansu ta hanyar murgu a kotunan alƙalai. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Ke nan sa'ad da littafin ya fito a 1934, akwai bayi a gidajen iyayen waɗansu daga cikin ɗaliban da aka rubuta shi dominsu. Marubucin kuwa matashin malamin makaranta ne, ba ɗan sarauta ba, yana rubutu don ofishin gwamnatin da take mulki ta hannun sarakuna. Idan aka yi la'akari da wannan, nuna fadar sarki a matsayin wurin hassada da ƙazafi da rabon ganimar mutane ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Duk da haka littafin yana da rauni, kuma raunin yana daidai wurin da batun launi ya kamata ya fito. Abdulkarim, Balaraben da ya karɓi Umar a Kano, ya riƙe shi tamkar ɗa, ya kai shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'udu har ya gaji malaminsa. Ana iya karanta wannan a matsayin hujja mai ƙarfi, cewa baƙin yaron da aka tsinta a hannun dillali ya shugabanci Larabawa da ilmi. Amma marubucin bai bar tauraronsa ya ɗanɗani ƙasƙancin da baƙi yake gani a can ba. Duk ɗacin an ɗora wa uwar, duk zaƙin an ba ɗan. Da wannan rabo sai bauta ta zama kamar caca, wani ya faɗa hannun nagari wani ya faɗa hannun mugu, laifin ya koma na halin mutum ɗaya ɗaya. Mark Twain, duk da ba'arsa da kuma ruɗanin da ake zarginsa da shi a kan ko jini ne ko reno ya lalata ɗan Roxy, ya fi kai hannu ga doka ita kanta. Har ila yau, da Umar yake komowa, guguwar rairayi ta binne ayarin, ta bar shi shi kaɗai, ya faɗo ƙasar da Rabe yake mulki, daga baya ya gangaro Rauta. Wannan guguwa ta raba marubucin da wata matsala mai wuya, domin da Abdulkarim ya rayu, da sai an tambayi matsayin mutumin kirkin da yake zuwa Kano neman bayi.

Rauni na biyu ya fi na farko girma. Tausayin mai karatu duka an gina shi ne a kan cewa Umar da uwarsa 'ya'ya ne Musulmi waɗanda aka bautar bisa zalunci. Wannan ita ce hujjar Gimbana, kuma iyakarta ita ce iyakar littafin. A farkon labarin an kai hari ƙasar Gwari, an tarar da mutane, an kamo su. Makau, wanda aka nuna a matsayin mutumin kirki abin zalunta, yana cikin waɗanda suka kamo. Shari'ar da aka yi a fada a kan adadin bayin da ya kawo ce, ko ya bayyana duka ko ya ɓoye wasu. An bi sawun yaro ɗaya daga Kagara har Masar, an bi sawun uwarsa har Tarabulus, amma Gwarawan nan da aka jera a ƙofar fada ana gardama a kan yawansu, ba a faɗi sunan ko ɗaya ba, ba a faɗi garinsu ba, ba a kuma sake waiwayarsu ba har littafin ya ƙare.